Gyaran Hoton Daji da Kwamfuta Yana da Iyaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda matasanmu masu ɗaukar hoton tsaunuka, dausayi da namun daji suke amfani da manhajojin gyaran hoto, da kuma yadda jaridu suke karɓar irin waɗannan hotuna su buga ba tare da sun tambayi abin da aka yi musu ba.

Ba na cikin masu cewa gyara haramun ne. Kyamara ba ta gani kamar yadda idon ɗan Adam yake gani, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar giwa a ƙarƙashin inuwar bishiya a gandun dajin Yankari da tsakar rana ya san cewa ko dai sama ta fito fari fat, ko kuma giwar ta fito baƙi ƙirin. Saboda haka ƙwararru suke ɗauka da tsarin RAW, wanda yake adana duk bayanin hasken da ya shiga kyamara, sannan su zauna da manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko Photoshop su buɗe inuwa, su rage ƙarfin haske, su daidaita launi. Tun zamanin fim ana yin haka a ɗakin wanke hoto, tun kafin Photoshop ya fito kasuwa a shekarar 1990.

Damuwata tana farawa ne daga inda gyara ya canja abin da yake a wurin. Raƙumin dawan da ke yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ya bambanta da 'yan'uwansa na gabashin Afirka ta wajen hasken fatarsa, domin zanen jikinsa bai kai nasu duhu ba. A tsakiyar shekarun 1990 abin da ya rage na wannan iri bai wuce hamsin ba, sai da aka dage da kiyaye shi kafin ya sake yawaita zuwa ɗaruruwa. To idan mai hoto ya cika masa launi har ya yi jawur domin ya burge masu kallo a Facebook, ya share alamar da ta sa dabbar ta zama ta musamman, kuma ɗalibin da ya ga hoton zai tashi da sanin da ba daidai ba. Haka abin yake ga hazo. Manhajojin nan suna da wani maɓalli na kawar da hazo, wanda idan aka ja shi da yawa sai hoton da aka ɗauka a watan Janairu ya fito da sama shuɗiya shar kamar ta ƙarshen damina, alhali hazon hunturu wani ɓangare ne na kamannin ƙasarmu. Wanda ya fi waɗannan muni shi ne a goge kacala daga hoton dausayin Haɗeja da Nguru domin ruwa ya fito sarari, bayan kuwa wannan ciyawa ita ce ta toshe hanyoyin ruwa ta addabi masunta da manoman yankin shekara da shekaru.

Ƙasashen da suka riga mu a wannan sana'a sun sha fama da matsalar. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna domin su dace da bangonta, kuma har yau ana kafa misali da wannan kuskure. Gasar ɗaukar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa takan nemi ainihin fayil ɗin kyamara daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, domin a kwatanta shi da abin da suka gabatar. Duk da haka, a 2018 ta ƙwace lambar yabo daga Marcio Cabral na Brazil, bayan masana sun yanke hukunci cewa dabba mai cin gara da ke kusa da suri a hotonsa busasshiyar gawa ce da aka ajiye domin nuni, kodayake shi ya musanta. Wannan ya nuna cewa yaudara ba a kwamfuta kaɗai take ba, amma kwamfuta ta sauƙaƙa ta, musamman yanzu da manhaja take iya sauya sararin sama gaba ɗaya ko ta ƙirƙiro tsuntsun da bai taɓa sauka a wurin ba.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta kafa ƙa'ida a rubuce. Duk wanda ya aiko da hoton daji ko na wani wuri ya faɗi inda ya ɗauka da watan da ya ɗauka, ya kuma ajiye ainihin fayil ɗin ko da za a nema. A yarda da gyaran haske, da yanke gefe, da cire ɗigon ƙurar da ta maƙale a cikin kyamara, wanda ba mai aiki a lokacin hunturu da zai tsira daga gare shi. Hoton da aka ƙara wa wani abu ko aka cire masa, idan har za a buga shi a shafin fasaha, sai a rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗawa aka yi.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
daga Bauci.