A Koya Wa Ɗalibai Awo Kafin A Miƙa Musu Kalkuleta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani rauni da na daɗe ina gani a matsayina na malamin kimiyya a sakandare, wato yadda ɗalibanmu suke ɗaukar awo da kuma rubuta sakamakonsa.

A zangon da ya wuce na sa 'yan aji huɗu su gangara ƙwallo a kan katako mai tsawon mita 2.0, su riƙa duba lokacin da take ɗauka. Wani rukuni ya samu sakan 3.0, da suka raba sai suka rubuto mini 0.6666667, ko sunan ma'auni babu. Na tambayi shugabarsu inda duk waɗannan lambobi suka fito, sai ta ce, "Malam, abin da kalkuleta ta ba mu ke nan." Ita kuwa kalkuleta ba ta san cewa yatsan da ya danna agogo yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Lambobi biyu kaɗai awon ya tabbatar, saboda haka amsar ita ce mita 0.67 a sakan ɗaya, sauran kuwa ado ne da aka yi wa jahilci, domin suna nuna wata ƙwarewa da kayan aikinmu ba su da ita.

Wajen sauya ma'auni abin ya fi muni. Da yake sun haddace cewa mita ɗaya santimita 100 ce, sai su ɗauka murabba'in mita ma haka yake, alhali shi murabba'in santimita 10,000 ne.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, yaran nan sun san awo a gida. Yarinyar da uwarta ta aika sayen shinkafa ta san mudun wata kasuwa ya fi na wata, kuma ba ta yarda a auna mata sai an cika mudun ya yi tozo. Ta san turmin atamfa yadi shida ne. Tun shekarar 1959 aka tsayar da yadi a kan mita 0.9144, wanda ke nufin turmi mita 5.4864 ne a takarda, amma babu telan da zai ce ya auna zane har zuwa lamba ta huɗu bayan ɗigo. Zai ce mita biyar da rabi, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiyar abin da tef ɗinsa yake iya nunawa. Haka manomin da aka faɗa wa adadin buhunan takin da ake zubawa a hekta ɗaya, idan ya juye su a eka ɗaya, ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau biyu, tun da hekta ta kusan eka biyu da rabi.

Kada a ce kuskuren yara ne kawai. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani rukunin injiniyoyi ya lissafa ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ɗaya rukunin kuma ya karanta lambobin a matsayin niyuton, wanda wani ma'aunin ƙarfi ne daban.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu su sa rula da tef da sikeli a hannun yara tun daga ƙaramar sakandare, maimakon a jira sai jarrabawar WAEC ta ƙarato a fito da kayan daga kabad suna ƙura, ga shi kuma a can ana rage maki idan an bar sunan ma'auni. Ni dai na riga na aro tef ɗin tela, mai inci a fuska ɗaya da santimita a ɗaya fuskar, kuma mako mai zuwa kowane ɗalibina zai auna bencinsa da fuskokin biyu, ya faɗa mini lamba nawa zai iya rantsewa a kansu.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Zariya