Wasiƙa zuwa ga mutumina da ke Ingila

Assalamu alaikum mutumina, ya sanyi, ya madam da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafi da tsadar kaya da ka sani.

Aike zan yi maka, tunda ka ce ba ka da nisa da Northampton. Don Allah wata ranar hutu ka leƙa filin ƙwallonsu na Sixfields, akwai wani gini na tunawa da Walter Tull, wani ɗan ƙwallo baƙar fata, da suka kafa a 1999, ka ɗauko min hoto. Kai da kake ɗan Tottenham na tabbata ba ka ma san ya buga muku ba, to ya buga, tun 1909. Babansa kafinta ne da ya zo ci-rani daga Barbados, uwar Baturiya, duk suka rasu yana ƙarami aka kai shi gidan marayu a Landan, daga nan ya taso har ya shiga babban kulob. A wani wasa da Bristol City 'yan kallo suka yi ta zaginsa saboda baƙar fatarsa, kuma maimakon kulob ya tsaya masa sai kawai aka riƙa ajiye shi, har kocin Northampton, Herbert Chapman, ya ɗauke shi zuwa kulob ɗinsa a 1911, can ne ya buga wasa sama da 100.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga bataliyar 'yan ƙwallo, ya ga bala'in gumurzun Somme a Faransa a 1916. Wai a dokar sojansu ta lokacin sai tsantsar Bature ne zai zama hafsa, amma da wuya ta yi wuya a 1917 suka ba shi laftanan, ya riƙa ba Turawa oda. A Italiya ya tsallaka kogin Piave da mutum 26 cikin dare ya dawo da su kaf ba wanda ya yi ko ƙwarzane, aka ce za a ba shi lambar yabo, har yau shiru kake ji. Ranar 25 ga Maris 1918 harsashi ya same shi a arewacin Faransa yana da shekara 29, yaransa sun yi ta ƙoƙarin janyo gawar ana ruwan wuta abin ya gagara, kabari ma ba shi da shi sai suna a jikin bango a Arras.

Abin da ke ba ni haushi wallahi, mutanen da suka ƙi shi a filin ƙwallo su ne suka karɓe shi hannu bibbiyu da aka zo maganar mutuwa. Shi ma dai ya yi sa'a ƙwallo ta sa ana tuna shi, kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Kamaru da na ƙasar Bama wa ya san sunayensu in ba 'yan gidansu ba?

Ka turo hoton ta WhatsApp, kuma kar ka manta da rigar Arsenal ɗin yaron nan, kullum sai ya tambaye ni. Ka gaida kowa.

Naka,
Abokinka na Kano