Mutumina, Abba ya ce ta zo mu ji ta

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya Inna da ƙafar tata? Na san kana can kana cewa Bakano ya ga dala ya manta da mutane, to ka yi haƙuri dan Allah, saƙon muryarka yana nan a wayata tun watan Agusta, na saurare shi ya fi sau uku, kullum sai nace bari in samu natsuwa in ba ka amsa mai kyau kan maganar karatun babbar 'yarka, sai wani abu ya taso. Zan zo kan maganar in sha Allah. Amma ba ita ta zaunar da ni rubutu da tsakar daren nan ba, wani abu ne ya faru ƙarshen makon jiya wanda in ba kai ba ban ga wanda zan gaya wa ya fahimce ni ba.

Ka tuna bara da muka yi kiran bidiyo kace wa Abba ina wuni, ya tsaya yana kallona yana jira in amsa masa? Kai dariya ka yi ka wuce, ni kuwa wallahi na kwana da abin a raina. Yaro ɗan shekara 9, yana jin duk abin da muke faɗa da uwarsa, in ka aike shi da Hausa zai je, amma bakinsa ba ya buɗewa sai da Turanci. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa doka cewa ba Turanci a kan tabarmar cin abinci, sai yaro ya koma cin tuwo shiru kamar baƙo, ita ma Ummi ta fara bin sahunsa. Daga baya na janye dokar don na ga ina neman raba kaina da hirar 'ya'yana.

To ka riƙe wannan, bari in ba ka labarin tafiyar.

Kasan yadda sallah take mana a nan Amurka. A je idi da safe a wani zaure da aka kama haya, a gaisa a bakin mota, wani ya cire babbar riga ya wuce aiki. Ba yawon sallah, ba mai shigowa da kwanon tuwo daga maƙwabta, balle a yi zancen hawan Daushe da muke tafiya tun azahar mu kama wuri a Ƙofar Kudu. Layya ma sai ka tuƙa mota zuwa wata gona ka jira layi. Kuma tunda duk shekara sallar tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka, ba ka isa ka haɗa hutun kowa a kanta ba. Shi yasa shekara huɗu da suka wuce Yaya ta kawo shawara tace mu tsayar da lokaci ɗaya da kowa zai ajiye komai, muka zaɓi tsakiyar Oktoba lokacin da ganye ke sauya launi, mu fita daji mu kafa tanti kwana biyu. Yaran yanzu tun Satumba suke ƙirga kwanaki, yadda muke yi wa ɗinkin sallah.

Wurin sunansa Shenandoah, gandun daji ne na gwamnatin tarayya a jihar Virginia, kamar mil 75 daga Washington. Tsauni ne dogo, an shimfiɗa titi a kan gadon bayansa tun daga garin Front Royal har ƙarshen kudu, mil 105, kuma ba a yarda ka wuce gudun mil 35 a awa ba, kai da kake ɗaukar Zariya zuwa Kano kamar ana bin ka bashi da sun karɓe lasisinka tun a ƙofa. Mu a Big Meadows muke sauka, wajen mil na 51, kuma wurin kwanan tun wata shida kafin lokaci ake kamawa a intanet, Yaya ce ke tashi da asuba a watan Afrilu ta kama mana, in ka yi sanyin jiki ranakun Oktoba sun tafi.

Bana mu 14 ne a mota uku. Kawu ya taho daga Bronx ta birnin New York da iyalinsa tun daren Alhamis, sai Yaya da yaranta, sai mu, sai babbar baƙuwa Hajiya, kakar yaran. Eh, har da ita! Tun da ta zo take zaune a ɗaki tana cewa garin nan ba mutane, ko sallama ba mai yi maka. Da aka ce za a je daji a kwana sai tace yanzu ku da Allah ya rufa wa asiri ya ba ku ɗaki da wuta da ruwa shi ne za ku biya kuɗi ku je ku kwanta a ƙasa kamar masu gudun hijira? Sai da Ummi ta riƙe mata zani tana kuka sannan ta yarda.

Da muka fara hawa tsaunin shiru ta yi. Mutumina ban san yadda zan kwatanta maka ba, hoto ba ya ɗauka. Ka duba kwari tun daga ƙafarka har inda ido ya ƙare, wani ja wur kamar an zuba manja, wani ruwan ɗorawa, wani kalar ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa, kuma in iska ta kaɗa sai ganyen ya dinga zubowa kan gilashin mota. Muka tsaya a ɗaya daga wuraren da aka gina don kallo, ta fito da sandarta ta daɗe tana dubawa sannan tace wai ciwo ne ya kama itatuwan? Ɗiyar Yaya ta yi mata bayanin da aka koya musu a makaranta, cewa in rana ta fara gajarta sanyi ya shigo sai bishiya ta daina yin koren da ke cikin ganye, launin rawaya dama yana nan a ɓoye sai ya bayyana, jan kuma sabo ne da ganyen ke yi daga zaƙin da ya taru a cikinsa. Hajiya ta gyaɗa kai tace to ai kuka ma tana zubar da nata da rani, gawo ne kawai ɗan taurin kai, sai damina ta sauka kowa ya yi kore shi kuma ya tuɓe. Daga nan ta shiga lissafin cewa yanzu a gida an gama yankan gero ana jiran dawa, ana cirar gyaɗa, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ni ma sai na tuna hutun da muka yi a ƙauyensu Inna, da muka tara harawa muka babbake gyaɗar mutane kai ka gudu ka bar takalminka.

Af, kafin in manta, da gaske ne wai Dogo ya ƙara aure? A hoton wani na gan shi da hula zanna ana ta yi masa Allah sanya alheri, kuma ko ni ko kai ba wanda ya gayyata, ko dai kai an gayyace ka ka ɓoye min? In ka gan shi kace ina nan ina jiran goro na.

To da muka isa sai aka fara da rigimar icce. Kawu ya ciko but ɗin motarsa da itacen da ya samo a wajen wani abokinsa, ashe ba a yarda a shigo da icce daga waje ba sai mai hatimin hukuma, saboda wani ƙwaro da ke ɓuya a cikin ɓawo wanda ya kashe musu bishiyoyi ba adadi. Ko dai ka saya a cikin gandun ko ka tsinci busasshen da ya faɗi ƙasa. Ran Kawu ya ɓaci amma ya bar shi a ƙulle a mota, yara kuma suka bazu tsintar ƙirare. Sai ta biyu, maganar abinci. Dajin akwai wasu manyan namun daji baƙaƙe da ake kira beyar, kuma hancinsu ya fi na kare, doka ce duk wani abu mai ƙamshi, abinci, sabulu, har man goge baki, a mota zai kwana ko a akwatin ƙarfe, ba a tanti ba. Hajiya kuwa ta zo da kularta ta dambun nama da ƙullin daddawa tace ita ba ta raba ɗaki da kayanta. Sai da ma'aikacin dajin ya zo zagaye, wani dattijo mai fara'a, ya yi bayani na fassara mata, tace to in dai kura ce irin ta Turawa a kai motar.

Alƙibla ma sai da aka yi muhawara, waya ba sabis sosai, Kawu ya fuskanci inda rana ke fitowa, na tuna masa cewa daga nan arewa maso gabas ake fuskanta. Muka yi sahu a kan ciyawa muka yi ƙasaru, wasu barewa irin tasu guda uku suna kiwo kusa da mu ko gezau, sun saba da mutane.

Da dare sanyi ya sauko irin wanda in ka yi magana sai hayaƙi ya fita bakinka. Mun gasa tsire a kan murhun ƙarfen da ke wurin, da ƙuli da yajin da Hajiya ta taho da shi, maman Abba ta dama kunun gyaɗa a kan risho. Bayan isha'i kowa ya lulluɓa da bargo aka kewaye wuta, wayoyin yara duk sun mutu, ba wanda ya tsara komai wallahi, kawai sai Hajiya ta gyara zama tace ga ta nan ga ta nanku. Mu manya muka amsa. Tace a'a, ba da ku nake ba, ku kun ci naku, jikokina nake jira. Aka yi shiru, sai ƙarar icce a wuta. Ta sake cewa ga ta nan ga ta nanku. Sai na ji wata 'yar murya daga cikin bargo a gefena tace ta zo mu ji ta.

Abba ne mutumina. Ban juya na kalle shi ba don kar ya ji kunya ya koma, maman shi ta matse min hannu ta ƙarƙashin bargo har yanzu ina jin wurin.

Ta kawo ta Gizo da hankaki, yadda suka ara masa gashi ɗai-ɗai ya bi su ɓauren tsakiyar kogi, ya dinga hana su kowane ɗa yana cewa shi ya fara gani, har suka fusata suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan reshe. Tana yin muryar Gizo da tsamin bakin nan nasa, yara suna faɗuwa don dariya. Can sai Abba ya katse ta yace Hajiya to yaya zai sauka? Da Hausa, cikakkiyar jimla, ba wanda ya sa shi. Harshen ya ɗan karkace amma ba kuskure ko ɗaya. Hajiya ko a jikinta, tace kai dai saurara. Da ta ce ƙurunƙus sai da ya sa ta maimaita masa kalmar sau uku yana gwadawa. Kawu ya sunkuyo yace min barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na kasa ba shi amsa, na tashi kamar zan ƙaro icce na tsaya bayan mota na share fuskata. Ƙarfe goma ake son kowa ya yi shiru a sansanin, da raɗa aka ƙarasa ta biyu.

Da safe ya bi ta har inda take ɗumama ruwan alwala yana cewa a ƙara, tace ba a tatsuniya da rana. Ya zo ya tambaye ni dalili, wannan karon da Turanci, amma ban damu ba.

Ranar Asabar matasa suka gangara kallon ruwan Dark Hollow da ke zubowa daga kan dutse, tsayinsa ƙafa 70, gangarar ba wuya dawowar ce aiki, don haka ni na zauna da Hajiya muka shiga ɗakin tarihin da ke kusa. A nan na karanta mata cewa kafin a kafa gandun a 1935 akwai ɗaruruwan iyalai da ke zaune a kan tsaunin, da gonakinsu da itatuwan tuffa, aka tashe su, wasu da ƙarfi, har yau akwai kaburburansu da ragowar gine-gine a cikin daji. Ta daɗe tana kallon hoton wata tsohuwa a bakin ƙofarta tace ashe kufai muka kwana a kai, Allah sarki. Na kuma gaya mata akwai wani sansani can gaba, Lewis Mountain, da aka keɓe wa baƙar fata kaɗai, sai 1950 aka gama haɗe ko'ina. Tace to da a lokacin ne da can za a kai mu kenan. Nace eh.

Abin da ke damuna yanzu shi ne watan Janairu za ta koma. Tun da muka dawo kullum bayan isha'i suna ɗakinta, jiya na ji Ummi tana cewa Gizo ɓarawo ne, amma in ta tafi fa? Ni na gwada, rabi nake tunawa, kuma muryar ba ta fita min yadda take yi. Akwai dai hutun godiya da suke yi Alhamis ta huɗu a Nuwamba, kowa zai taru gidan Yaya a yi talotalo da yaji da waina, na ce zan ajiye waya in naɗi duk abin da ta faɗa, ita kuma tace ba ta magana da na'ura sai dai in ɓoye.

Shi yasa nake roƙonka wani abu. Ta Hajiya ta tsaya ne a inda Gizo ya faɗa ruwa, tace nan ta san ta. Ni kuma ina tuna Inna tana wucewa da ita har gidan kada, inda aka ba shi ajiyar ƙwai yana cinyewa ɗai-ɗai, ko ba haka ba ne? Dan Allah in ka je gida ranar Juma'a ka zauna da ita bayan magariba ka sa jikokinta su roƙe ta, ka naɗo min, ko da ƙarar janareto a ciki ba komai. Kar ka ce min sai ka samu lokaci, na san halin Zage-zagi. Abba ya riga ya tambaye ni ko kada ya cinye Gizo nace kawunsa na Zariya zai aiko da amsa, to ka ga yanzu bashi ne a kanka.

Ka gaida Inna da kyau kace Hajiya tana tambayar ƙafarta, ta ce ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Ka gaida uwargida da yara. Hotunan suna nan tafe in na tsince su daga wayar Yaya, akwai wanda Kawu ya sa hular sanyi a kan hularsa.

Naka har kullum.