Ƙanƙarar kan duwatsu ma tana da damina da fari kamar mu

Assalamu alaikum malam edita, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, ya zafi ya haƙuri da mu masu saurare.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shirinku na daren jiya wanda baƙonku ya fara bayani kan ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsun duniya, sai wani ya bugo waya yana cewa mu da muke soyuwa a digiri 45 me ya haɗa mu da ƙanƙara in ba ta sayarwa a leda ba, aka yi dariya, mai gabatarwa ma ya biye mishi aka wuce zancen. Wallahi abin bai min daɗi ba. Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a nan Tawa kuma wannan tambayar ɗalibai sun sha yi min, ku ba ni dama in amsa.

Ƙanƙarar kan dutse rumbu ce. Dusar da ta zuba a shekara ita ce hatsin da aka zuba ciki, wadda ta narke ita ce abin da iyali suka ci, in abin da aka ci ya fi wanda aka zuba shekara da shekaru ai kowa ya san ƙarshen rumbun. To wa ke yanke yawan dusar da za ta zuba? Ba dutsen ba ne, manyan iskoki ne da ɗumin ruwan teku, wato dai masu juya tamu daminar.

Ɗauki El Nino. Ruwan tekun Fasifik ne wajen gaɓar Peru yake ɗumama fiye da ƙima, duk bayan shekara 2 zuwa 7 haka, masuntan can ne ma suka raɗa mishi sunan. In ya zo, duwatsun Bolibiya sai su shiga fari, dusa ta yi ƙaranci ga zafi, akwai wata ƙanƙara kusa da birnin La Paz mai suna Chacaltaya da har wasan zamiya ake a kanta da, a 2009 ta ƙare ƙaf. Amma wannan El Ninon dai in ka gangara tsakiyar Chile dusa yake ƙara musu. Iska ɗaya, wani ta ba shi wani ta hana shi, kamar hadarin da zai taso ya jiƙa Ƙonni ya tsallake Tawa muna kallonshi ya wuce. Mu kuma a Sahel shekarun El Nino sau da yawa damina rauni take yi. An yi babba a 1972 zuwa 73, an yi wani a 1982 zuwa 83, duk dattijon da ke garin nan in ka ce mishi 1973 ko 1984 ba sai ka ƙara komai ba, ya san dabbobi nawa ya rasa. Ban ce shi kaɗai ya jawo ba, ɗumin tekun Atalantika ma yana da hannu sosai a ruwanmu, amma yana cikin masu laifin.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Kilimanjaro na Tanzaniya tunda namu ne na Afirka, tsayinsa mita 5895, kuma daga 1912 zuwa yau ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa. Mutane suna zaton zafi ne kawai ke narkar da ita, alhali can ƙololuwar sanyi ne ƙwarai, babban abin da ke cin ta shi ne bushewar iska da rana. Ku tuna wanki da hunturu, sanyi har hannu yana ƙagewa amma ka shanya riga kafin ka gama shan shayi ta bushe ƙarau, to haka ƙanƙarar can take tashi ta bi iska ko ruwa ba ta zama ba. Damina biyu gare su, Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Disamba, kuma shekarar da ruwan tekun Indiya na ɓangaren Afirka ya fi ɗumi kamar 1997 da 2006 da 2019 sai ruwa ya yi yawa a ƙasa har da ambaliya, a sama kuma dusa ta lulluɓe dutsen. Sabuwar dusa fara tas take, tana mayar da hasken rana, shi ya sa take kare tsohuwar da ke ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa kuskuren sa baƙar riga ya shiga kasuwa a watan Afrilu ya gane abin da nake nufi.

A Turai ma haka, shekarar da iskar yamma ta Atalantika ta yi ƙarfi ta karkata arewa Norway ke kwashe dusar, har wasu ƙanƙarorinsu suka ƙaru a shekarun 1990, su Sifen da Maroko a bar su da fari.

Har ƙurar Sahara tana da nata aikin. A watan Maris na 2022 iska ta kwashi ƙura ta tsallaka da ita teku ta zuba kan duwatsun Alps na Turai da suka ratsa Suwizalan, dusar ta koma ja-ja kamar wadda aka barbaɗa wa jar ƙasa, ta riƙa shan rana, ga shi dama hunturun bai zuba dusar kirki ba, ga bazara mai zafi ta biyo, a shekarar kaɗai Suwizalan ta rasa kusan kashi 6 cikin 100 na ƙanƙararta. Akwai yaron da nake sayen ƙanƙara wurinshi da azumi, kullum cikin buhu yake naɗe ta ya tura ƙarƙashin tebur, in ka tsaya ciniki ya ce baba yi sauri kuɗina na zuba ƙasa, shi ma ai lissafin da masanan can suke yi yake yi.

Roƙona malam edita, ku sake gayyato baƙon nan ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Kuma ga cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD nan Yamai kusa da ku, duk shekara kafin shuka ana fitar da hasashen damina, in za ku karanto mana kar ku tsaya a ruwa zai yi yawa ko zai yi kaɗan, ku sa a faɗa mana da Hausa halin da tekunan suke ciki a shekarar, manomi ya san ko iri mai saurin nuna zai nema tun kafin ya yi tsada.

Na gode, a gaida mutanen ɗakin watsa shiri.

Mai sauraronku kullum, tsohon malamin makaranta daga Tawa