Ga 'yan uwana 'yan haya masu jiran siminti ya sauko

Assalamu alaikum Edita, ina maka fatan alheri kai da duk ma'aikatanka. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai, akan maganar da kullum ake tafkawa a majalisarmu bayan sallar isha, wato shin mutum ya takura kansa ya mallaki gida yanzu ko ya ci gaba da zaman haya har abubuwa su yi sauƙi.

Ni ɗan haya ne, shekarata 13 ina haya a Kano tun daga ranar da aka kawo min amarya, na zauna a Kurna na zauna a Ɗorayi yanzu ina Gaida, ƙaura uku kenan kuma duk wanda ya taɓa kwashe kaya ya san abin da nake nufi, gadon uwargida da kabet ɗinta basa taɓa komawa yadda suke, ga yara a canza musu makaranta da islamiyya, ga sababbin maƙota da sai ka shekara kafin ka san halinsu. Tashin da aka mana na biyu shi ne ya fi min ciwo domin matata tana da tsohon ciki mai gidan ya aiko da notis wai zai yi wa ɗansa aure, ban ga laifinsa ba gidansa ne, amma daren nan ban runtsa ba.

To a 2022 na haɗa ɗan abin da na haɗa, adashe da kuɗin wata gona ta gado da muka sayar, kuɗin da a lokacin zai saya min fuloti a bayan gari har in yi fandisho in ɗora bulo zuwa linta. Sai abokai suka ce in dakata, zaɓe na zuwa, in an yi sabuwar gwamnati kaya zasu sauko. Na dakata. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, watan Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, buhun siminti da muke saye dubu huɗu da ɗoriya ya haura dubu goma, rodi da kwano da katako duk suka bi sahu, tifar yashi ma ta tashi tunda dizal take sha. Kuɗina suna nan a banki ko kwabo bai yi ciwon kai ba amma abin da zasu iya saya ya zube ƙasa warwas. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, kaga duk wanda ya ajiye naira yana jira asara yake tafkawa yana barci. Shi kuma mai gida bai jira ni ba, duk shekara sai ya ƙara, kuma a dunƙule yake son kuɗinsa na shekara guda.

Shi yasa in na ji matashi yana cewa bari siminti ya sauko tukuna sai gabana ya faɗi. Eh yakan ɗan sauko bayan ya yi tsalle amma da wuya ka ga ya koma inda ya baro.

Amma fa Edita kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce kowa ya ruga ya sayi ginannen gida ba. Wa ma yake da kuɗin? Mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, shi ma ba kowa ake ba ba. Bashin banki kuwa ba a ma maganarsa, lokacin da babban banki da kansa ya kai kuɗin ruwansa sama da kashi 27 me kake tunanin bankin kasuwanci zai caje ka, ga uwa uba riba ce wadda yawancinmu ba za mu kusance ta ba ko da kyauta ake rabawa. Akwai asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, da aka kafa tun 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikata ana zubawa, bankin bada lamunin gidaje na tarayya yana bada rance daga ciki akan kashi 6 har tsawon shekara 30, sauƙi kam akwai sauƙi, sai dai shi ma ruwa ne, kuma sai da takardar fili mai ƙarfi. Bankunan da basa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz suna da tsarin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da kuka amince) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya), to amma mai shago a Kwari ko mai Adaidaita Sahu da bashi da takardar albashi ta ina zai fara? Ina roƙonka Edita ku ware shafi ku kawo malamai da masana su mana bayanin waɗannan hanyoyi dalla-dalla da Hausa, wallahi ma'aikata da yawa ana yankar musu kuɗin nan wata-wata basu ma san na menene ba.

Abin da nake cewa shi ne hanyar iyayenmu, ka sayi ƙasa ko da rabin fuloti ce, ka ci gaba da zama a hayarka, in ka samu dubu ɗari ka buga bulo ka jibge, in ka samu wata ka kira birkila, ka fara da ciki da falo da banɗaki da katanga, ranar da aka rufa kwano aka sa ƙofa ka tare, filasta da silin da tayil su same ka a ciki. Bulon da ka buga bana ba ruwansa da faɗuwar naira baɗi. Abin da nayi kenan daga ƙarshe, cikin 2024 na sayi rabin abin da da zan saya a 2022, kuma can nesa da inda na so.

Sai dai sayen filin ma akwai rami a ciki. Awon igiya ya yi yawa, dillali zai nuna maka waje ya karɓi la'adarsa ya ƙara gaba, bayan shekara biyu wani ya ɓullo da takarda yace na babansa ne, ko ka tarar filin magada ne ba a raba ba, ko kan hanya ne ko makaranta a taswirar gwamnati. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna ne, takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani amma ba ita bace C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, kuma duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san takarda ba abin wasa bace. Ni sai da na je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, na bincika, na zauna da dagaci, na tambayi maƙotan filin ɗaya bayan ɗaya. Sannan dan Allah kar ka sayi fili da rani baka gan shi da damina ba, ka je cikin watan Agusta bayan an sheƙa ruwa ka gani da idonka, akwai wuraren da tsofaffin kududdufai ne aka cike da shara aka yanka.

Akwai kuma wanda ni da kaina zan ce masa ya zauna a hayarsa. Ɗan kasuwar da zai zare jarinsa kaf ya binne a gini, wannan ya kashe kazar da ke masa ƙwai, na ga wani maƙocina ya yi haka, gida ya tsaya a linta shago ya bushe, ƙarshe kangon ya sayar da araha ya biya bashi. Haka ma'aikacin da ake yawo da shi gari-gari. Sannan a lissafa kuɗin mota, in gidanka na bayan Panshekara aikinka na Bompai, a farashin man nan abin da zaka kashe a hanya kai da 'yan makaranta zai iya cinye kuɗin hayar da kake murnar ka huta da shi. Wannan lissafin shi ne har yau yake hana ni barci domin nima nawa filin da nisa, amma na zaɓi in sha wuyar hanya da a sake miƙo min notis gaban 'ya'yana.

Yanzu haka ginin nawa ya kai linta, ina tara kuɗin kwano, hayata zata ƙare a watan azumi kuma ina roƙon Allah ya sa ita ce ta ƙarshe da zan biya. Masu karatu a taya ni da addu'a.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka, mai karanta ku kullum daga Gaida, Kano.