Kason Malamai a Cikin Ribarka

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya mutanen Kano? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙon da ka aiko ta hannun ƙaninka ya iso, mahaifiyarka ta yi ta sa maka albarka. Shi ne ma ya ba mu labarin cewa ɗan teburinka na Farm Centre ya zama shago, har ka ɗauki yaro yana koyon gyaran waya a hannunka. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ka daga haram.

Da waya zan kira ka, sai na ga gara in rubuta, don magana ce da nake so ka riƙa komawa kanta.

Makon jiya, a hanyar dawowa daga ɗaurin aure, na biya ta zauren Malam, wanda ya ɗora maka babbaƙu da farfaru. Na same shi a kan buzunsa, kurtun tawada a gefe, ya kusanto da allo har yana neman taɓa hancinsa. Idon ya yi rauni ƙwarai. Bai gane ni ba sai da na yi magana. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, ina ɗan nan naka mai kuka duk ranar Asabar? Ka ji, Babana. Yara nawa suka bi ta zauren nan a bayanka, amma kukanka na komawa makaranta bai manta ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A 2012, da ambaliya ta cinye mana gona, na yi watanni ban iya ba ka kuɗin Laraba ba. Kunya ta ishe ni, na je da niyyar in ce ka ɗan dakata sai abu ya warware. Malam ya ƙi sauraro na. Ya ce in bar masa kai, karatu ba gero ba ne balle a auna da mudu. Har ka yi sauka bai sake tayar da zancen ba. Wannan bashin yana wuyana, ni kuwa ƙarfi ya tafi. Kai Allah ya ba hali.

Sai malamarku ta aji huɗu, wadda take tsare ka bayan an tashi har sai ka kawo sau bakwai da sau takwas ba tuntuɓe. Ka dawo gida kana ƙunƙuni, ni ina jin daɗi a raina. Allin da take rubutu da shi, sau da yawa da kuɗinta take saya. Yau duk lissafin da kake yi a ka, na gilashin waya da caja da batir, kafin mai saye ya gama zaro kuɗi, daga hannunta ya fito. Ta yi ritaya, tana zaune tana jiran haƙƙinta. Ka san halin da malamin firamare yake ciki. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, a shekarar kuwa buhun shinkafa ya haura wannan kuɗin. Mai albashi ke nan, ina ga ɗan fansho, ina ga malamin allo da ba shi da ko ɗaya?

Ga abin da nake so ka yi. Ka ware wa malamanka kaso a cikin ribarka. Riba na ce, kada ka taɓa uwar kuɗi, don da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma idan jari ya karye ba kai ba, ba su ba. Ka fara da naira biyar a kowace ɗari, ko uku ma in kasuwa ta yi sanyi. Duk daren da ka rufe shago ka yi lissafi, ka cire nasu ka ajiye daban, inda hannunka ba zai riƙa kai wa ba. Kada ka ce sai ka yi kuɗi sosai. Na ga masu faɗin haka da yawa, kafin ranar ta zo an kai malamin makwancinsa, sai zuwa ta'aziyya da nadama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Kada ka haɗa wannan da zakka. Ita haƙƙi ce daban, ɗaya cikin arba'in idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Abin da nake magana a kai godiya ce, ba sadakar tausayi ba.

Don haka yadda za ka bayar ya fi damu na a kan yawan abin. Ka je da ƙafarka, zumunci a ƙafa yake. Ka cire takalmi, ka durƙusa kamar yadda kake yi kana yaro, ka zauna ka ji labarinsu, kada ka riƙa duba waya. In za ka miƙa, ka tura ƙarƙashin buzu ko ka ba wani a cikin gida. Ka lura da abin da ya fi musu amfani: kwanon gero da sukari gab da azumi, yadin shadda ko turmin atamfa na sallah, kuɗin magani. Kuma ina gargaɗinka, kada in ga hoton malaminka a Facebook riƙe da leda kana tsaye a kansa. Wannan ɗabi'ar da ta shigo tana ƙona mini rai. Mutum ya rufa maka asiri kana ƙarami, kai ka tona nasa don a yaba maka? Ka koma ka karanta aya ta 264 a Suratul Baƙara kan masu ɓata sadakarsu da gori da cutarwa.

Maigidanka da ya koya maka kwance waya da ɗaurawa, shi ma malami ne. Ko ya fi ka kuɗi, ka riƙa kai masa goron sallah.

Amma Malam za ka fara da shi, kuma da idonsa. Waɗanda suka duba sun ce kamar yanar ido ce, ita kuwa ana cire ta a asibiti, mutum ya koma gani. Ka je asibitin ido na ECWA da ke Kano ka tambayo yadda ake yankar kati da abin da aikin zai ci. In kuɗin ya fi ƙarfinka ka nemi abokan karatunka, ku nawa ne kuka yi sauka a zauren nan? Na riga na yi magana da babban ɗansa, ya ce zai rako shi duk ranar da ka shirya, amma ban da Laraba, don ranar yake yi wa yara ƙarin karatu kafin hutun Alhamis.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.