Sanarwa Ga Masu Raunin Kafaɗa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu ƙorafin raunin kafaɗa, don Allah ku dakata da cicciɓar ƙarfe mai nauyi sama da kai. Ƙananan tsokoki 4 ne ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa, su za a fara ƙarfafawa.

A ɗauki kilo 1 ko 2, a kwanta ta gefe, hannun da ke riƙe da ƙarfen yana sama, gwiwar hannun a lanƙwashe manne da haƙarƙari, a ɗaga ƙarfen a hankali sau 12 zuwa 15. Kar ku raina nauyin, za ku ji bayan kafaɗa ya ɗau ɗumi. Sau 3 a mako ya wadatar. Wanda ciwo ke hana barci ya ajiye ƙarfe, ya ga likita.